Yadda Zagaye Uku Na Igiya Ke Riƙe Jirgin Ruwa: Fashin Baƙi Kan Wincin Gogayya

Ta yaya mutum ɗaya, riƙe da jelar igiya, yake jawo jirgin ruwan da ya fi gidan bene girma har ya jingina da tasha? Tambayar takan taso duk lokacin da bidiyon ɗaure jirgi ya zagaya intanet. Za ka ga ma'aikaci ya naɗa igiya mai kaurin damtse sau uku a kan wani ƙarfe mai juyawa, bai ƙulla ta ba, bai maƙale ta da komai ba, ya ja da baya ya riƙe bakinta, sai ga igiya tana shigowa tana zubar da ruwa, jirgi kuma yana matsowa a hankali. Wasu masu kallo su ce ƙarfin damtse ne. Wasu su ce ai akwai ƙugiya a ɓoye a jikin ƙarfen. Idan kuwa bidiyon na ranar da igiya ta tsinke ne ta kwashe mutum, sai a ce tsautsayi ne kawai, a wuce.

Duka bayanan nan uku sun kauce wa abin da ke faruwa. Abin da ke riƙe nauyin shi ne gogayya, wato cijewar da ke tsakanin igiya da ƙarfen da aka naɗa ta a kai. Kuma gogayyar nan da ke ba mutum ɗaya iko da tan-tan na nauyi, ita ce dai ke narkar da igiya ko ta cinye yatsu idan ba a san halinta ba.

Mene ne wincin gogayya?

Winci shi ne injin jan igiya ko sarƙa. A jiragen ruwa iri biyu ne manya, kuma rikita su shi ne tushen yawancin rashin fahimta.

Na farko shi ne mai naɗewa. An ɗaure bakin igiya a jikin ganga, ganga na juyawa igiya na taruwa a kanta kamar zare a jikin kwarkwaro. Duk igiyar da aka jawo, a nan take zama.

Na biyu, wanda muke magana a kai, ba ya tara komai. Igiya ta shigo ta gefe ɗaya, ta zagaya ganga sau uku ko huɗu, ta fita ta ɗaya gefen zuwa hannun mutum, ta zube a doron jirgi. Gangar hanya ce, ba ma'ajiya ba. Saboda haka tsawon igiya ba ya damunsa: mita 20 ce ko mita 200, zagayen da ke kan ganga ukun nan ne dai. Idan gangar a tsaye take tana juyawa kamar dutsen niƙa, ana kiran sa kafstan. Idan a kwance take, sau da yawa za ka same ta a matsayin wani kai da ya fito daga gefen babban wincin ɗaure jirgi ko na ɗaga anga, ƙugiyar nan mai nauyi da ke riƙe jirgi a ƙasan ruwa. Ƙananan winci masu mariƙi da ke kan jiragen da iska ke tuƙawa su ma 'yan gidan nan ne.

Akwai kuma ɗan uwansu da ba ya juyawa ko kaɗan: turken ƙarfen da ke kafe a bakin tasha ko a doron jirgi. Shi ba ya ja, riƙewa kawai yake yi, amma da dabara iri ɗaya.

Lissafin da ke cikin zagayen igiya

Duk wanda ya taɓa naɗa igiyar saniya a jikin bishiya ya san sirrin da hannunsa, ko da bai san lissafinsa ba. Dabbar da za ta ja ka a ƙasa idan ka riƙe ta kai tsaye, da ka zagaya igiyar sau biyu a jikin itace sai ka riƙe ta da 'yan yatsu.

Dalilin shi ne igiyar da ke ɗauke da nauyi, idan ta lanƙwasa a jikin abu mai da'ira, tana danna shi. Gwargwadon ƙarfin jan, gwargwadon dannawar. Gwargwadon dannawar, gwargwadon cijewar. Ɗan taƙin farko na igiya da ya taɓa ganga ya ɗauke wani kaso na nauyin. Taƙin da ke biye ya ɗauke irin wannan kason daga abin da ya rage. Na gaba ma haka. Ba adadi ɗaya ake cirewa kowane lokaci ba, kaso ɗaya ake cirewa daga ragowa, kamar a raba abu biyu, a sake raba rabin biyu, a sake raba rabin rabin. Shi ya sa nauyin yake karyewa da sauri fiye da yadda hankali ke zato.

Masanin lissafin nan ɗan ƙasar Suwizalan, Leonhard Euler, shi ya fara fitar da ƙa'idar a ƙarni na 18, sannan injiniyan Jamus Johann Albert Eytelwein ya shigar da ita littafin injiniyoyi a farkon ƙarni na 19. Har yau da sunansu biyu ake kiran ta. Abubuwa biyu kacal take dubawa: yawan zagaye, da kuma kaushin da ke tsakanin igiya da ƙarfe, wanda ake ba shi lamba.

Mu ɗauki lambar kaushi 0.3, wadda ba baƙuwa ba ce ga igiya mai ɗan kaushi a kan ƙarfe. Kowane cikakken zagaye yana raba nauyi kusan gida shida da rabi. Idan igiya na ɗauke da jan kilo 1,000, bayan zagaye ɗaya saura kamar kilo 152. Bayan na biyu, kilo 23. Bayan na uku, kilo uku da rabi. Bayan na huɗu, rabin kilo. Tan guda ke nan a hannun yaro.

Yanzu mu sauya igiyar da mai santsi, ko mu ce mai ya zuba a kan ganga, lambar ta sauko zuwa 0.1. Zagaye ukun da ɗazu suka bar maka kilo uku da rabi, yanzu kilo 152 za su bar maka. Ido ba zai ga bambanci ba: ganga ɗaya, zagaye uku, mutum ɗaya a tsaye. Amma abin da ake nema daga hannunsa ya ninka fiye da sau arba'in. A ganina wannan ne wurin da ya kamata duk mai koyon aikin ya daɗe a kai, domin al'adar "zagaye uku" ba doka ba ce ta har abada. Uku na wace igiya, a kan wace ganga, a jiƙe ko a bushe?

Wani abin mamaki kuma, girman ganga bai shiga lissafin ba. Babbar ganga tana taɓa igiya mai tsawo amma dannawar ta bazu. Ƙarama tana taɓa gajeriya amma dannawar ta taru. Biyun suna cinye juna. Wannan bai sa girma ya zama banza ba, domin igiya mai kauri da aka tilasta mata lanƙwasa a ƙaramar ganga zarenta na wahala, ta tsufa da wuri. Amma ta fuskar riƙo, zagaye ake ƙirgawa.

Inji ke ja, hannu ke ba da izini

A nan ne mutane suka fi kuskure. Gogayya ba ta ƙirƙirar ƙarfi. Mutumin da ke riƙe da jela ba shi ke jawo jirgi ba, kuma jansa na kilo biyar ba ya rikiɗa ya zama tan. Aikin ja na injin da ke juya ganga ne, na lantarki ko na matsin mai. Abin da hannun mutum ke yi shi ne sa igiya ta cije gangar domin ƙarfin inji ya samu hanyar shiga cikinta.

Ka tsaya a bayan jirgi lokacin shiga tasha ka gani. An wurga siririyar igiya mai dunƙule a baki zuwa tudu, mutanen tasha sun jawo babbar da ita, sun saƙala madaukinta a turke. A jirgi, ma'aikaci ya ɗora zagaye uku a kan ganga. Ganga ta fara juyawa, amma igiya ba ta motsa ba; ƙarfe na sulluɓewa a ƙarƙashinta kawai, domin jelar a sake take. Sai ya ja jelar kaɗan. Nan take zagayen suka ɗame, igiya ta tashi daga ruwa ta miƙe, ta fara shigowa. Yana karɓa hannu bayan hannu, na bayansa yana kwashe abin da ya sauka yana jerawa don kada ya harɗe ƙafa, na uku yana kan makunni, idonsa a kan jami'in da ke riƙe da rediyo. Jami'i ya ce a sassauta. Mai jela bai jira an kashe inji ba, ya ɗan saki hannu, igiya ta zame taƙi ɗaya ko biyu, nauyi ya ragu. An ce a ci gaba, ya sake ɗamewa.

Wato hannunsa ne kulocin injin. Da ɗan motsin da bai kai ɗaga bokiti ba yake haɗa tan-tan na ƙarfi da igiya, yake kuma raba su. Babu wani makunni da ya kai wannan saurin amsawa, kuma babu na'urar da ke jin igiya kamar yadda tafin hannun gwani ke jin ta.

Daga nan za a gane me ya sa ƙara zagaye ba kullum yake nufin ƙara aminci ba. Idan ka yi shida ko bakwai, nauyin jelar kanta ya isa ya sa igiya ta cije. Ka saki hannu, ba ta zame ba. Kuloci ya mutu ke nan. Idan igiyar ruwa ta ɗaga jirgi ko iska ta fizge shi, babu sauran hanyar rage nauyi da gaggawa, sai dai igiya ta sha shi duka. Zamewar da mai kallo ke ɗauka aibi ce, ita ce ƙofar tsira.

Bayan an gama ja kuma, ba a barin igiya a kan ganga ta kwana. Ba a gina kan wincin don riƙon dogon lokaci ba. Ana kama igiyar da wata gajeriya mai riƙon wucin gadi, a zare zagayen daga ganga da sauri, a kai ta kan tagwayen turaku a naɗa ta a gicciye, sannan a saki gajeriyar. 'Yan daƙiƙun nan da nauyin jirgi ke rataye a kan gajeriyar igiya suna cikin mafi nauyin daƙiƙu a aikin.

Me ya sa gangar take da ƙugu?

Duba gangar kafstan da kyau, za ka ga ba miƙaƙƙiya ba ce. Tana da faɗi a sama da ƙasa, ta tsuke a tsakiya kamar turmi. Ba ado ba ne.

Igiyar da ke shiga ganga, kowane juyi ɗaya sai ta matsa gefe da kaurin kanta. Da a ce gangar miƙaƙƙiya ce, bayan 'yan juyi zagayen za su yi tattaki har ƙarshenta su cushe. Tsukewar tsakiya ita ke sa su riƙa gangarowa su koma mazauninsu. Shi ya sa kake jin igiya tana yin "ƙas, ƙas" lokaci-lokaci tana ɗan tsalle: zagayen ne ke gyara zama. Tsofaffin kafstan kuma ana yi musu haƙarƙari a tsaye a jikin ganga, don su ƙara cizo su kuma taimaka wa wannan gangarowa.

Idan gyaran zaman ya ƙi, sai a samu abin da ma'aikatan jirgi ke ƙi jini: zagaye ya hau kan ɗan uwansa. Ɓangaren da ke ɗauke da nauyi ya danne jelar, ya kulle ta. Ba ta shiga, ba ta fita, kuma ja yana ƙara ɗaure ta ne. Yawanci abin da ke jawo shi shi ne igiya ta shigo ganga a karkace ta kusurwar da ba daidai ba, ko a tara zagaye da yawa tun igiya na sako-sako. Maganinsa shi ne a ɗauke nauyin da wata igiya a wani wincin, sannan a warware. Mai garajen cusa yatsa ya ɓanɓare shi alhali nauyi na kai, da wuya ya fito da yatsan yadda ya shiga.

Daga sandunan katako zuwa lantarki

Kafin inji, mutane ne injin. A manyan jiragen yaƙi da na fatauci na ƙarni na 18 da na 19, kan kafstan yana da ramuka a kewaye. A zura dogayen sanduna, mutane su jeru su sa ƙirji su riƙa turawa suna zagayawa. A nan ne ake samun ninkin ƙarfi na gaske, daga tsawon sanda. A ƙasan gangar akwai harsunan ƙarfe da ke faɗawa cikin haƙora suna hana ta komawa baya. Idan harshen ya karye ko ya ƙi faɗawa alhali anga na rataye, sandunan kan juyo da gudu su share duk wanda ke tsaye. Aikin yakan ɗauki sa'o'i, don haka aka samu waƙoƙin aiki na musamman da ke daidaita takun masu turawa.

Jirgin yaƙin Ingila HMS Victory, wanda ya yi yaƙin Trafalgar a 1805 kuma yake ajiye a Portsmouth har yau, yana nuna wata matsala da dabararta. Igiyar angarsa ta yi kaurin da ba za ta iya zagaya kafstan ba sam. Sai aka kawo wata igiya mafi siranta da aka haɗe bakinta biyu ta zama zobe, ita ce ke zagaya kafstan. Ana ɗaɗɗaure babbar a jikin ƙaramar da gajerun igiyoyi, suna tafiya tare, idan ɗaurin ya kusa ramin da babbar ke sauka sai a kwance shi a ruga gaba a sake ɗaurawa. Yara ne ke wannan kai-komon. Mutum fiye da ɗari na tura sanduna, amma idan yaran nan suka yi lattin ɗauri, aikin kowa ya tsaya.

Da sarƙa ta maye gurbin igiyar anga a ƙarni na 19, sai aka bar gogayya a wannan ɓangaren. Sarƙa kan bi ta wata taya mai aljihuna da aka sassaƙa daidai da girman kowace gaɓa, gaɓar ta zauna a aljihu a ja ta. Wannan kamu ne, ba cizo ba. Don haka a injin anga guda ɗaya za ka iya ganin dabarun biyu gefe da gefe: taya mai aljihu ta sarƙa, da santsin kai na igiya. Tururi ya karɓi aikin masu tura sanda, daga baya lantarki da matsin mai suka karɓa daga tururi. Mai riƙe jela dai yana nan.

A ƙananan jirage

A jirgin da iska ke tuƙawa, igiyar da ke daidaita babban ƙyallen iska tana iya ɗaukar jan ɗaruruwan kilo, kuma ana bukatar a ja ta, a sassauta ta, a sake ta gaba ɗaya cikin daƙiƙu idan za a juya. Wincin gogayya kamar don wannan aka yi shi. Gangarsa na juyawa ta hanya ɗaya tak, kusan ko da yaushe yadda hannun agogo ke tafiya, kuma 'yan harsunan ƙarfe masu sifirin a ciki su ke yin ƙarar "ƙir-ƙir" ɗin da ake ji. Wanda ya naɗa igiya ta baibai zai ga ganga ta ƙi motsi.

Lambar da ake rubutawa a kansa, kamar 40, tana nufin ninkin ƙarfi. Mariƙi mai tsawon santimita 25 a kan gangar da daga tsakiyarta zuwa baki santimita 4 ne ya ba da ninki shida da ɗoriya. Giyar da ke ciki ta sake ninka wannan sau shida, ka kusa 40 ke nan. Tura kilo 15 a mariƙi ya zama kusan kilo 600 a igiya a takarda, ko da yake giya da boris suna cinye wani abu daga ciki. A shekarun 1970 aka fara yayin wincin da ke riƙe jelarsa da kansa: an ɗora masa muƙamuƙi mai kwari a ka, wanda ke matse igiya yana fitar da ita. Mutum ɗaya ya iya aikin da a da sai biyu.

Kwarin nan dabara ce mai zaman kanta. Igiyar da ta nutse a tsagi mai kama da baki buɗe tana matsuwa ta gefe biyu, cizonta ya ninka ba tare da an ƙara zagaye ba. Masunta sun ci moriyar wannan sosai. A shekarun 1950 Mario Puratić, masunci ɗan asalin Kuroshiya da ke aiki a Amurka, ya ƙirƙiro wata babbar taya mai kwari da ake ratayewa a sama, inji na juya ta, tana jawo katafariyar koma da cizo kaɗai. Aikin da ke karya bayan tarin mutane ya koma na 'yan kaɗan, kuma kamun kifi da manyan komaye ya sauya fasali a duniya. Ko wannan sauyin ya yi wa kifin teku daɗi, wata magana ce daban mai tsawo.

Wanne ya fi, mai naɗewa ko mai gogayya?

Masu goyon bayan mai naɗewa suna da hujja mai ƙarfi: hannu ba ya kusantar igiya. An ja, an ɗaure birki, an gama. Babu gajeriyar igiyar riƙo, babu canja wuri zuwa turke. Kuma ana saita birkin ya saki da kansa kafin igiya ta tsinke. A ƙa'idar da ƙungiyar kamfanonin mai ta OCIMF ta shimfiɗa wa jiragen dakon mai, birki zai fara sakin igiya idan ja ya kai kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin da aka tsara wa igiyoyin jirgin. Shi ya sa manyan jiragen zamani suka ɗora yawancin igiyoyinsu a kan ganguna masu naɗewa.

Amma shi ma da nasa ciwon. Yayin da igiya ke taruwa, gangar na ƙara kauri, ƙarfin ja da na birki suna raguwa. Igiya mai nauyi kuma tana nutsewa ta cusa kanta tsakanin naɗin da ke ƙasa, ta maƙale ko ta ci 'yar'uwarta. Sannan ganga ɗaya igiya ɗaya ce. Kan gogayya kuwa zai ja wannan, a cire, ya ja waccan, ƙarfinsa bai sauya ba daga mitar farko har ta ƙarshe.

Inda igiya ke da tsawon kilomitoci, kamar a jiragen binciken ƙasan teku, an haɗa dabarun biyu. Ganguna biyu masu tsagi suna juyawa tare, igiya na bi ta kansu sau da yawa, kowane zagaye a tsaginsa, don haka babu tattaki babu hawan juna. Su ke ɗaukar nauyin. A bayansu akwai ganga ta uku mai naɗewa da ke jan jela da ɗan ƙarfi kaɗan tana adanawa. An cire mutum, an sa ganga a gurbinsa, amma aikin nasa ne take yi.

Inda igiya ke cin mutum

Gogayya zafi take haifarwa, kuma igiyoyin yau na roba ne. Nau'in folifirofilin yana narkewa a wajen digiri 165 na ma'aunin Selshiyos. Nau'in da ake kira HMPE, wanda ke kafaɗa da kafaɗa da igiyar waya a ƙarfi alhali yana yawo a kan ruwa don rashin nauyi, yana narkewa ƙasa da haka, wajen digiri 145 zuwa 150, ga shi da santsi. Idan aka bar irin waɗannan suna zamewa a kan ganga da nauyi a kai, fatarsu ta yi laushi ta manne da ƙarfe, sannan ta ɓalle da fizga. Mai jelar da ya tsaya dab da ganga sai fizgar ta tafi da hannunsa. Don haka ake koya wa sabon shiga ya ba ganga tazarar kamar mita guda, kada ya naɗa jela a hannu, kada kuma ya sa ƙafa a cikin lanƙwasar igiyar da ke ƙasa.

Babban tashin hankali shi ne tsinkewa. Igiya mai miƙewa, musamman nailan, tana tara ƙarfi kamar danƙon harbi. Idan ta tsinke, ɓangarorin biyu kan dawo da saurin da ido ba ya bi, kuma idan ta bi ta kan wata kwana, jelar za ta yi shara ta wuce layin da take kai. A watan Maris na 2015, a tashar gas ta South Hook da ke Milford Haven a yankin Wales, igiyar jirgin dakon gas mai suna Zarga ta tsinke ta yi wa jami'in da ke kula da aikin mummunan rauni a ka. Igiyar HMPE ce, wadda ake ganin ba ta miƙewa balle ta dawo. Amma an haɗa mata jela mai miƙewa, ita ce ta tara ƙarfin. Binciken hukumar binciken haɗurran teku ta Birtaniya ya nuna wurin da jami'in ya tsaya ba ya cikin wuraren da aka ɗauka masu haɗari ne.

Wannan ya ƙara ƙarfin wata muhawara da ake yi. Shekaru ana fentin doron jirgi, ana zana inda igiya za ta iya dawowa. Masu suka suka ce fentin yana yaudara, domin mutum na ganin ya tsallake layi sai ya saki jiki, alhali hanyar igiya na sauyawa da kowace tasha. Yanzu shawarar hukumomin Birtaniya ita ce a ɗauki duk filin ɗaure jirgi a matsayin wurin haɗari. Ina tare da wannan ra'ayi, amma da sharaɗin kada ya zama hanyar wanke hannu. Idan ko'ina haɗari ne kuma dole wani ya tsaya a wurin, nauyi ya koma kan masu zana jirgi da masu sayen igiya. Gyaran da Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ta yi wa yarjejeniyar kare rayuka a teku da ake kira SOLAS, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024, ya fuskanci nan ne: sababbin jirage a tsara wurin ɗaurinsu da lafiyar ma'aikaci a rai, duk jirage kuma a riƙa duba igiyoyi da injinansu bisa tsari.

Me ya shafi wanda ba ya aikin jirgi?

Fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin duniya, idan aka auna da yawa, ta ruwa suke tafiya, kuma kowane jirgi sai an ɗaure shi kafin a sauke ko da kwali ɗaya. Wasu wurare sun fara rabuwa da igiya: a mashigin Saint Lawrence da ke tsakanin Kanada da Amurka, faifan da ke manne wa jikin jirgi da zuƙar iska su ke riƙe shi a ƙofofin ruwa, wato inda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi daga wani matakin ruwa zuwa wani. Amma irin wannan na bukatar kuɗi da wuta da gyara, kuma bai shafi jirgin kamun kifi ko ƙaramin jirgin fito ba.

A waɗannan ƙananan ne talaka ya fi haɗuwa da lamarin ido da ido. Fasinjan jirgin fito da ke ɗokin sauka yakan matsa gaba daidai lokacin da ake ɗame igiya, ya tsaya a bayan turke, wani lokaci ƙafarsa a cikin naɗin da ke ƙasa. Idan ma'aikaci ya daka masa tsawa ya ja baya, ba wulaƙanci ba ne. Ya ji ƙarar da igiyar ke yi. Mai ƙaramin jirgin da ya sauya tsohuwar igiyarsa mai kaushi da sabuwa mai sheƙi kuma ya gwada ta da ƙaramin nauyi tukuna, ya ga zagaye nawa take bukata kafin ta cije. Idan zai sassauta igiya mai nauyi, ya riƙe jela da hannu ɗaya daga nesa, ya ɗora tafin ɗayan a buɗe a kan zagayen, yatsu a miƙe ba su fuskanci inda igiya ke shiga ba, ya bar ta ta tafi taƙi-taƙi. Idan kuma zai rage zagaye, sai bayan nauyi ya sauka, ɗaya bayan ɗaya, daga na sama.